Odar Motar Kawu

Shekarar da nake goyon fari, ba abin da kunnena ya haddace kamar odar motar maigidana. In ya karyo kwanar firamare ta ƙauyenmu gab da magariba, yakan danna ta a gajarce, ya ƙara, sannan ya ja ta da tsawo. Da na ji sai in tura itace a murhu in ɗora masa ruwan wanka. Kafin in ji kuwa, ko daka nake ko wanki, rabin hankalina yana kan hanyar Rogo zuwa Karaye, ina ta jero wa kaina abin da zai iya samun mutum a kanta. Ni dama haka Allah ya yi ni. Ko yarinya ce ta daɗe tana barci, sai na kara kunne a hancinta.

Motar ba tasa ba ce. Ta Kawu ce, ƙanen Inna surukata, wanda yake zaune a Karaye. Tsohuwar motar haya ce, irin wadda murfin but ɗinta, wato wurin kaya na baya, yake ɗagawa sama gaba ɗaya har da gilashin. Kafin ita, acaɓa maigida yake yi a kudu. Farkon aurenmu abin da na fi sani game da shi muryarsa ce a waya, sai tabon da ya dawo da shi a ƙwauri, wanda har yau bai gaya min yadda aka yi ba. Da cikina ya tsufa Inna ta shirya ta je wajen ƙanenta. Ban san me suka tattauna ba, sai dai muka ga mota a ƙofar gida. Tun daga ranar na san inda zamana ya rataya: in akwai mota yana gida, in babu ita sai kudu.

Ran da Kawu ya ba shi mukulli ina bayan ƙyauren zaure, na ji komai.

"Motar ɗaukar mutane ce, ba akori-kura ba," in ji Kawu. "Kada in ga an ɗaure mata baya da igiya kamar jakin ɗan koli."

"To, Kawu. In sha Allahu."

Ya amsa da gaskiyarsa a lokacin. Amma a tashar Rogo ba direban da ba ya ɗaure but. Mutum ya zo da buhun gyaɗa biyu da akuya, in ka ce kayansa ba za su shiga ba, shi ma ba zai shiga ba, ga wata motar nan a bayanka. Sai a tura kaya su cika, murfi ya ƙi rufuwa, a zarga igiya a ja shi ƙasa iya inda ya tsaya. Ba a yi wata guda ba igiya ta sami wurin kwana a ƙarƙashin kujerar direba. Na tabbata Kawu ya san haka ake yi, don shi ma ya yi tuƙi da ƙuruciyarsa. Sai dai sani daban, a nuna wa babba a idonsa daban. Duk ran da maigida zai bi ta gidan Kawu ko garejin ɗansa, sai ya fara sauke komai a tasha, ya naɗe igiya ya ɓoye, ya karkaɗe but ya rufe shi ruf.

Da ruwa ya sauka abin ya fara. Rediyo ce ta soma. Yana cikin jin labarai sai ta ɗauke, can kuma ta dawo da kanta. Wannan dariya muka yi masa, ya ce ita ma ta gaji da labarin tsadar taki. Sai wata rana magariba ta yi ban ji oda ba. Aka kira salla, aka idar. Na fita zaure na dawo, na sake fita, Inna tana kan tabarma tana kallona. Can sai na ji sallamarsa a tsakar gida.

"Lafiya? Ban ji oda ba."

"Ita ma ba ta ji kanta ba. Tun Fulatan nake danna ta, sai wani gurnani kamar tsohon bunsuru."

Da safe ya fita ya taɓa ta, ta yi ƙara har yarinya ta firgita a bayana.

Haka muka shiga. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi oda ta mutu, waifa ta tsaya a tsakiyar gilashi ana tsuga ruwa. Ya taɓa dawowa rigarsa sharkaf ta ɓangare ɗaya, don da kansa a waje ta taga ya tuƙo motar. Wata rana kuma garken shanu ya tsallako masa hanya a gangare, ya danna oda shiru, sai ihu ya yi da baki yana dukan ƙofa da tafin hannu. Allah ya tsare, madubin gefe kawai ƙahon wata saniya ya ɗauke. Da yake ba ni labari dariya yake yi, yana kwaikwayon yadda wata tsohuwa a baya ta riƙa salati tana dukan kafaɗarsa. Ni tuwon ranar bai wuce min ba.

Ɗan Kawu na fari riwaya ne a Karaye, wato mai gyaran wayoyin mota. Taubashin maigida ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Wurinsa aka fara kai ta. Ya goge kan batir, ya ɗaure shi tam. Bayan kwana kaɗan abin ya dawo. Aka sake kai ta, ya cire odar ya sa wata. Ya dawo. Ya kwance sitiyari, ya bi wayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan fitilarsa, bai ga komai ba. Abin da ya fi cin ran maigida shi ne, duk sanda ya shiga garejin nan komai na motar aiki yake yi. Rediyo na waƙa, waifa na kaɗawa, oda kamar ta sabuwar mota.

"Ya ce min wai in kawo ta lokacin da take yi," in ji maigida, yana wanke hannu zai ci abinci. "Na ce to ai a gabanka kunya take ji. Ya ce ba motar ce ke da ciwo ba, direban ne, in zo ya duba wayar kaina."

Yana faɗa yana murmushi, amma na ga loma ta daɗe a hannunsa.

Kowa ya kawo nasa. 'Yan tasha suka ce ruwa ne ke shiga. Maigida ya ce ramukan hanya ne. Inna ta ce bakin mutane ne, yaron da jiya yake kan babur yau an gan shi a mota, ba kowa zai ji daɗi ba. Ta karɓo rubutu aka yayyafa wa kujeru, ta sa na yi hayaki a kasko na zagaya motar da shi. Ni kuma ɓera na zarga, don na taɓa ganin kashinsa a ƙarƙashin kujera. Na aro kyanwar maƙwabta na rufe ta a ciki ta kwana. Ɓera dai ba ta kama ba, sai warin da ta bar mana, wanda fasinja suka yi ta ƙorafi a kai. Maigida ya ce don Allah in bar taimaka masa.

Duk yinin da mota ta yi a gareji yini ne da ba ta yi aiki ba. Ga kuma ranakun da hadari ya haɗo, maigida ya ji tsoron fita da waifar da ba ta da amana, ya ajiye ta. Kawu ya fara tambaya. Ya tambayi ɗansa, ɗansa kuma ya faɗi abin da idonsa ya gani: ya duba, bai sami komai ba. Ba ƙarya ya yi ba. Amma magana in ta bi ta bakin mutum biyu uku takan canza kaya. Sai muka fara jin wai maigida ya gaji da tuƙi ne, wai yana fakewa da gyara yana zuwa nasa sha'anin da motar mutane.

Kawu ya zo ƙauyenmu ta'aziyya wajen ƙarshen damina, ya biyo ya gaida yayarsa. Da zai tafi ya tsaya jikin motar, ya zura hannu ta taga ya murɗa mukulli, ya danna oda. Ta yi wata irin ƙara, kajina suka watse. Ya kunna waifa, ta share busasshen gilashi tana ƙiiƙii. Ya kunna rediyo. Ya daɗe yana sauraro kamar labarin ya dame shi, sannan ya kashe.

"Juma'a mai zuwa ka kawo min mukullin," ya ce. "In huta, kai ma ka huta."

Maigida ya durƙusa ya ce, "To, Kawu."

Washegari ya dawo da sabuwar jakar bakko, ya ɗora ta a kan sif. Irinta yake tafiya kudu da ita. Duk inda na juya a ɗakin sai na gan ta. In ina shayar da yarinya ita nake kallo, ina tuna yadda zaman nan yake: waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi, ba ta yi ƙara ba gabanka ya faɗi.

Akwai wani ɗan aiki da nake yi kullum da safe wanda ba wanda ya sa ni. Kafin maigida ya fita nakan ɗauki tsintsiya da faranti in buɗe but in share abin da ya zube daga buhunan mutane, dawa, masara, wani lokaci wake, in watsa wa kajina. Wata rana in sami abin da bai kai cikin tafin hannu ba, wata rana faranti ya kusa cika. A satin nan na ƙarshe ina tsugune ina sharewa, tsaba ta yi yawa har da ɓawon gyaɗa, sai na ce a raina, yau kaji za su yi salla. Sai kuma na tuna jiya ban ji oda ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na koma baya a raina, ran shanun nan, ran da ya dawo a jiƙe, ran Fulatan. Ba zan rantse a kan kowace rana ba, amma duk wadda na iya tunawa, washegarinta kajina sun ƙoshi. Ran da but ya cika har aka ɗaure shi, ran nan ne maigida yake shigowa da sallama ba da oda ba.

Akwai kuma wani wari. Na daɗe ina jin sa a irin waɗannan safiyoyi, sama-sama, ta wajen da murfin yake manne da jikin motar, kamar an jefa silifas a wuta an cire da wuri. Na ɗauka hayaƙin mota ne.

Na yini ina juya yadda zan faɗa. Ni ba boko na yi mai nisa ba, ban san komai a mota ba in ban da wurin zama. Sai da ya ci abinci ya sha ruwa na ce, "Malam, in faɗi wata magana?"

"In dai ba kyanwa za ki sake arowa ba."

Na faɗa masa, har da kajin. Ya dube ni.

"Ke, oda tana gaba, buhu yana baya. Me ya haɗa su?"

"Ban sani ba. Ni dai abin da na gani ke nan."

"Ai sau nawa ina ɗaure kaya ba ta yi komai ba."

"Amma ta taɓa yi ba kaya?"

Ya ɗauki tsinke yana sakace.

"Ka kai masa ita da kayan a ɗaure," na ce. "Kada ka sauke. Ai ya ce ka kawo ta lokacin da take yi."

"So kike in ɗauki igiya in kai wa Kawu har ƙofar gida? Yanzu ana cewa ƙila ƙarya nake. In na je da igiya an tabbatar na saɓa masa. Mota dai ta tafi, ki bar ni in fita da mutuncina."

Na san ba taurin kai ba ne. Da a ce masa maƙaryaci a bayan ido, da ya tsaya a gaban kawunsa da abin da aka hana shi, ya zaɓi na farko.

Ranar Alhamis muna ɓarar gyaɗa ni da Inna a inuwar rumbu. Ba na yawan magana a gabanta, ita ma ba mai yawan magana ba ce. Amma abin ya cika min ciki, sai na ji bakina yana faɗa, kaina a ƙasa, ina yi kamar da gyaɗar nake. Ta bar ni na gama. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi shirme ba. Cewa ta yi, "Miƙo min wancan ƙoƙon." Shi ke nan. Na ce a raina na zubar da kunyata a banza.

Da safe ranar Juma'a maigida ya wanke mota tas, ya sa farar riga. Na roƙe shi in bi shi, in ya ba da mukulli mu wuce Kurugu in gaida mahaifiyata, ya yarda. Na goya yarinya na fito, sai na tarar da Inna tsaye a ƙofar gida da mayafinta, an jingine mata kaya jikin katanga: buhun sabuwar masara, buhun gyaɗa, damin rake, ƙullin kuka da kuɓewa, da kabewa manya guda biyu.

"Inna, wannan fa?" in ji maigida.

"Na ƙanena ne. Ko kwano aka aiko maka da abinci, ba ka mayar da shi wayam. Balle mota. Shekara guda muna cin arzikinta, sai a mayar masa da ita kamar an yi faɗa?"

"Ai ba za su shiga ba, Inna. Murfin ba zai rufu ba."

"To ka ɗaure mana. Ko ba ka da igiya?"

Ya dube ta, ya dube ni. Ni dai na sunkuya ina gyara goyo. Inna ko gefen da nake ba ta kalla ba.

"Kuma kada ka sauke min kaya a tasha 'yan dako su yi ta jagwalgwala su. Yadda na ɗora su a nan, haka za su isa hannunsa. Ka biya ta wajen ɗansa ka ba shi kabewa ɗaya, matarsa na so."

Ya durƙusa ya jawo igiyar daga ƙarƙashin kujera, a gaban mahaifiyarsa, ya ɗaure.

Tafiyar nan ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na zauna a baya da yarinya a cinya, rake yana taɓa min ƙeya. Maigida ya kunna rediyo, na san da gangan ya yi. Muka fita daga ƙauye tana magana. Muka hau titi tana magana. Wani mai babur ya gifta, ya danna oda, ta yi ƙara lafiya lau. Na ga idonsa a madubi. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah abu ya lalace ba sai ran nan. Ina ta addu'a a raina, ina jin kunyar addu'ar. Gonakin dawa suna wucewa, mata da ƙwaryar nono a ka suna wucewa, mai rediyo yana ta gaishe-gaishen Juma'a, yana gaida mutanen gari-gari kamar ba zai gama ba. Na fara tunanin na sa tsohuwa ta kwashe rabin abin da ta noma saboda kaji.

Mun fara hango gidajen Karaye sai muka faɗa wani rami da ruwa ya ci. Motar ta yi tsalle, kayan baya suka motsa, murfin ya yi ƙara. Mai gaisuwa ya ɗauke a tsakiyar sunan wani gari. Maigida ya danna oda. Gurnanin bunsurun nan ne. Ya sake dannawa. Warin silifas ya taso min ta bayan kai.

"Kada ka tsaya," na ce. "Kada ka taɓa komai."

"Na ji."

Taubashinsa yana zaune a kan benci a ƙarƙashin darbejiya yana shan shayi da muka shiga garejin. Ya ga but a buɗe, rake ya leƙo, igiya ta zarge ko'ina. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ikon Allah. Ashe akori-kura Baba ya saya bai sani ba. Amarya, sannu da hanya, ke ma a but ɗin ya ɗauro ki?"

"Kai dai taso," in ji maigida. "Ga ta tana yi. In ka iya aikin, ga shi. In kuma shayi ka iya, ka faɗa min."

Ya taso ya danna odar da kansa, ya ji. Wasan ya bar fuskarsa. Ya nufi gaba zai buɗe inji, maigida ya ce, "Ba nan ba. Wai ta baya." Ya nuna ni da haɓa. "Ta ce wari take ji ta wajen murfin."

Ya zagayo ya sa hanci, ya ɗago. Ya ce wa maigida ya shiga ya danne oda kada ya saki. Shi kuma ya kama murfin but da hannu biyu ya ɗaga shi kaɗan, iya yadda igiya ta bari. Oda ta fashe da ƙara. Ya sake shi, ta koma gurnani. Ya ɗaga, ta yi. Ya saki, ta mutu. Sai da ya yi haka har masu gyaran taya na gefe suka fara dariya, wani ya ce a bar su su ji da zafin rana.

A saman murfin, wajen da yake lanƙwasa, akwai wata 'yar roba baƙa kamar maƙogwaron kaza, wayoyi na bi ta cikinta. Ya zare ta. Ya kira ni ma in gani. Waya ɗaya ta feɗe, jan ƙarfenta a waje, gefenta ya yi baƙi ya narke. Ya ce in murfin yana rufe ko yana buɗe gaba ɗaya, ba ta taɓa komai. Sai an ja shi da igiya ya tsaya a tsakiya take gogar jikin mota, ta janye wutar da sauran suke sha. Ya je gaba ya zaro wani ɗan abu da ya ce fis ne, wanda aikinsa shi ne ya ƙone in irin haka ta faru, a san akwai matsala. An naɗe shi da waya tun a hannun masu motar na farko, shi ya sa bai taɓa ƙonewa ba.

"Wata rana da wuta za ta tashi," ya ce, ba wasa a muryarsa. Ya dubi yarinyar da ke kafaɗata, ya kau da kai. Sannan ya juya kan maigida. "Kai kuma wata nawa kana kawo min ita a wanke a goge kamar za a kai ta gidan miji? Da na bi wayar nan tun tuni."

"Da ka iya aiki da ka bi ta ko ba kaya."

"Amarya, ki rabu da shi ki dawo gidana. Hancinki ya fi kansa amfani."

Ban yi dariya ba. Na sami gefen benci na zauna. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya ƙara tsawon wayar, ya naɗe ta da baƙin tef, ya sa sabon fis. Guntun da ya yanke ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya ce zai raka mu. Maigida ya miƙa masa kabewarsa.

Bayan an sauko daga masallaci muka sami Kawu a ƙofar gidansa a kan dadduma. Na gaishe shi na shige zaure, na tsaya inda zan ji. Ya daɗe yana kallon bayan motar.

"Wannan fa?"

"Saƙon Inna ne, Kawu. Ta ce kada a sauke sai a hannunka."

Ɗansa ya durƙusa ya ba shi guntun wayar, ya yi masa bayani a taƙaice, ya ce abin da ake ta nema ke nan, kuma da gaske ne tana yi. Kawu ya juya wayar a tafin hannunsa. Ya murza baƙin da ɗan yatsa.

"Wannan ba yau ta fara haɗuwa da igiya ba," ya ce.

Ina jin kukan tattabarun gidan. Maigida kansa a ƙasa. Ni kuma na ce shi ke nan, an wanke shi daga ƙarya an kama shi da saɓo, duk ɗaya ne, jaka dai za ta sauko.

Kawu ya sa aka kwance kayan aka shiga da su. Ya ɓare gyaɗa ɗaya ya ci, ya ce ta yi kyau bana. Maigida ya matso a durƙushe ya miƙa mukulli da hannu biyu. Kawu ya dubi mukullin, bai miƙo hannu ba.

"Da ƙafa za ka kai iyalinka Kurugu?"

"A'a, Kawu, da ma babur za mu hau."

"Da jaririya, hadari na haɗowa. Tashi ka kai su. Ka gaida Yaya, ka ce na ga saƙo." Har maigida ya miƙe, sai ya ƙara da cewa, "Igiyar nan kuma ka ɗauke ta daga ƙofar gidana."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Bai ce ka ci gaba da riƙewa ba, bai ce ka dawo da ita gobe ba. A hanyar Kurugu na tambayi maigida me Kawu yake nufi. Ya ce, "Abin da kika ji shi na ji." Ruwa ya sauko, ya kunna waifa, ta yi ta kaɗawa, mu biyu muna kallonta kamar ba mu taɓa ganin irinta ba.

Da muka dawo gida na durƙusa na gaida Inna, na ce Kawu ya ce ya ga saƙo. Ta ce, "Madalla. An ba matar yaron kabewarta?" Na ce an ba ta. Ba ta sake tayar da maganar ba, har yau.

Satin ya wuce ba a aiko karɓar mukulli ba. Wani ya wuce. Maigida ya ci gaba da fita, igiya ta koma wurin kwananta, kajina suna samun rabonsu. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Mota ce tsohuwa, kafin a gama girbi gilashin ƙofar baya ya fara nasa, sai ya ga dama yake sauka. Kuma duk Juma'a in wayar maigida ta yi ƙara sai na bar abin da nake yi. Magariba kuwa har yanzu ba na iya zama sai na ji odar nan ta karyo kwana.

Jakar bakko ta daɗe a kan sif. Na kasa ce masa ya ɗauke ta, shi ma bai taɓa ta ba. Ran da na gama shanya kuɓewar kaka na rasa inda zan zuba, sai na taka kujera na sauko da ita, na cika ta, na ja zif na jingine ta a bayan ƙofa. Da ya shigo ya gan ta, ya ɗan tsaya. Sannan ya rataye hularsa a ƙusa ya tambaye ni ko ruwan wankan ya yi zafi.